Koren shayin Japan: Me madara da suga ke ƙara masa, me suke rage masa?

A 'yan shekarun nan koren shayin ƙasar Japan ya samu shiga a manyan kantuna da gidajen shan shayi na zamani a Legas da Abuja da sauran manyan birane. Wanda ya fi tashe shi ne garin nan kore shar da ake kira matcha, wanda ake damawa da madara da ƙanƙara a sayar da kofi ɗaya da tsadar gaske. Da yawa daga cikin masu saye, musamman mata da matasa, suna neman sa ne saboda sun ji an ce yana rage tumɓi, yana gyara fata, yana kuma kare zuciya.

Sai dai da an kai shi gida, hannu yakan koma ga abin da ya saba. A wurinmu shayi bai amsa sunansa ba sai ya ji madara da suga, wani ma ya ƙara citta da kanumfari. Tambayar da ya kamata mai gida da uwargida su yi wa kansu ita ce: bayan an gama wannan haɗi, shin amfanin da aka biya kuɗi dominsa yana nan a cikin kofin? Kuma akwai wanda wannan shayi zai iya cutarwa a cikin iyali?

Yadda Japanawa ke shan sa

Koren shayi da baƙin shayin da muka saba gani a teburin mai shayi daga itace ɗaya suke fitowa. Wajen sarrafawa ne suka rabu. Baƙin shayi ana barin ganyensa ya sha iska har ya rine. Shi kuwa kore, da an tsinko shi ake dumama shi don a tsayar da wannan rinewa. Mutanen ƙasar Sin galibi suna soya ganyen ne a busasshen kasko, su kuma Japanawa turara shi suke yi na daƙiƙoƙi kaɗan. Wannan turarawa ce ke bar masa launin kore da ɗanɗano irin na ɗanyen ganye.

Tarihi ya nuna cewa wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ne ya dawo da irin shayi daga ƙasar Sin a shekarar 1191, kuma a 1211 ya rubuta littafi a kan amfaninsa ga lafiya. Ke nan tun farko a matsayin magani Japanawa suka karɓe shi. A 1738 wani manomi a yankin Uji da ke kusa da birnin Kyoto, Nagatani Soen, ya fito da hanyar turarawa da murza ganyen da ta haifar da sencha, wanda shi ne shayin yau da kullum a gidajen Japan. A yau jihohin Shizuoka da Kagoshima ne ke kan gaba wajen nomansa.

A al'adarsu ba a zuba wa wannan shayi komai. Ana shan sa kamar ruwa, a wurin aiki, a wajen cin abinci, ko idan an yi baƙo. Ko a bikin shan shayi na gargajiya, wanda Sen no Rikyu ya tsara ƙa'idojinsa a ƙarni na 16, ba a sa suga a cikin kwano. Abin da ake yi shi ne a ba baƙo 'yar alawa da aka yi da garin shinkafa da jan wake ya fara ci, sannan ya kurɓi shayin. Zaƙin yana bakinsa, shayin kuma yana nan yadda yake. Hatta koren shayin gwangwani da kamfanin Ito En ya fara sayarwa a 1985 ba shi da suga, kuma har yau yawancin na roba da ake sayarwa a ƙasar haka suke.

Su ma suna da nasu haɗe-haɗen

Wannan ba ya nufin cewa Japanawa ba su san haɗi ba. Suna da genmaicha, wato ganyen shayi da aka gauraya da soyayyar shinkafa, mai ƙamshi irin na gugguru. Suna da hojicha, ganyen da aka gasa har ya koma ruwan ƙasa. A Kyoto akwai shayin sabuwar shekara da ake jefa wa ɗan itace mai tsami da aka jiƙa da gishiri da kuma ganyen teku. Akwai ma abincin da ake zuba koren shayi a kan dafaffiyar shinkafa a ci.

Game da zaƙi kuwa, a Kyoto da Shizuoka an daɗe ana sayar da garin matcha da aka haɗa da suga, ana damawa da ruwan sanyi lokacin zafi. A 1996 kamfanin Häagen-Dazs ya fitar da askirim mai ɗanɗanon koren shayi a Japan, daga baya kuma matcha mai madara ya cika gidajen shan shayi, har ya tsallaka Amurka da Turai. Buƙatar ta yi yawan da a ƙarshen 2024 wasu tsofaffin shagunan shayi na Kyoto suka taƙaita adadin da mutum ɗaya zai iya saya.

Abin lura shi ne, a wurin Bajapane waɗannan masu zaƙi kayan marmari ne, ajinsu ɗaya da askirim da kek. Shayin da yake sha sau huɗu ko biyar a rana shi ne wanda babu komai a ciki.

Me ya sa yake ɗaci?

Yawancin masu zuba suga suna yi ne don su kashe ɗaci da baurin shayin, kuma sau da yawa laifin na dafuwa ne. Ganyen yana ɗauke da manyan sinadarai uku. Akwai katekin, wanda shi ne ake danganta yawancin amfanin shayin da shi, kuma shi ke kawo bauri irin na goro. Akwai kafeyin mai wartsakarwa, shi ma yana da ɗaci. Sai tiyanin, wanda aka fara ganowa a Japan a 1949, mai ba shayin garɗi da ɗan zaƙi-zaƙi. Tiyanin yana narkewa ko a ruwan ɗumi, amma katekin da kafeyin sun fi fitowa idan ruwa ya yi zafi ƙwarai.

Shi ya sa idan aka kwara tafasasshen ruwa a kan sencha, ko aka ɗora shi a wuta yana ta tafasa, sai ya fito da ɗacin da ba ya shawuwa sai da suga. Shayin Buzaye da aka sani a Nijar da Arewa shi ma koren ganye ne, na ƙasar Sin, kuma ana tafasa shi ne a gawayi a ɗura masa suga da na'a-na'a. Wannan tsari ya dace da wancan ganye, amma idan aka yi wa ganyen Japan haka an yi asarar kuɗi. Abin da sencha ke buƙata shi ne ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80, a jiƙa shi kimanin minti ɗaya a tace.

Abin da bincike ya nuna

Ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambata shi ne wanda aka yi a yankin Ohsaki na jihar Miyagi, aka wallafa a 2006. An bibiyi mutum 40,530 masu shekara 40 zuwa 79 har tsawon shekara 11. An gano cewa masu shan kofi biyar ko fiye a rana sun fi ƙarancin mutuwa sakamakon cututtukan zuciya da jijiyoyin jini idan aka kwatanta da waɗanda ba sa kai kofi ɗaya. Ragin ya kai kashi 31 cikin 100 a mata, da kashi 22 cikin 100 a maza. Binciken bai ga wani ragi ba a mace-macen da sankara ke jawowa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da cewa shayin shi kaɗai ne dalili ba, tunda cimar mutanen ma daban take da tamu. Na biyu, shayin da suke sha a 'yan ƙananan kofuna ne, kuma bisa al'adarsu babu madara babu suga. Saboda haka wanda ke shan babban kofi mai cokali uku na suga ba zai ɗauki wannan sakamako ya ce da shi ake ba.

Batun rage ƙiba kuwa, gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna cewa abin da koren shayi ke ragewa ɗan kaɗan ne ƙwarai, wanda suga cokali biyu za su iya shafewa.

Madara: tana kashe amfanin?

A nan masana ba su yi ittifaƙi ba. An san cewa furotin ɗin madara yana manne wa katekin, shi ya sa ma madara ke kashe bauri. A 2007 masu bincike a asibitin Charité na birnin Berlin a Jamus sun gwada baƙin shayi a kan mata 16, suka ga yana taimaka wa jijiyoyin jini su saki, amma da aka zuba madara sai wannan tasiri ya ɓace. A gefe guda, wasu gwaje-gwaje da aka yi a ƙasar Holan sun auna jinin mutane bayan sun sha shayi, suka tarar katekin ya shiga jini daidai wa daida, ko da madara ko babu.

Abin da za a iya ɗauka daga nan shi ne, 'yar madara kaɗan ba ta mayar da shayi abin banza, kuma ba ta da wata illa ga wanda cikinsa ke karɓarta. Amma wanda ke sha domin lafiyar zuciya ya fi samun tabbas idan ya sha shi haka nan.

Inda aka fi samun matsala shi ne nau'in madarar. Kofin koren shayi zalla kusan ba shi da kalori. Idan aka dama matcha da mililita 200 na madara mai cikakken maiƙo, an samu kalori kusan 130, idan aka ƙara suga ƙaramin cokali uku ya kai wajen 180. Madarar gwangwani mai kauri da yauƙi kuwa, fiye da rabinta suga ne, babban cokali ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 10. Haka kuma farin garin da ake sayarwa don faranta shayi, yawancinsa man itatuwa ne da sinadarin zaƙi, don haka a duba jikin leda kafin a ɗauke shi a matsayin madara.

Ta fuskar ɗanɗano, ba kowane koren shayi ke ɗaukar madara ba. Sencha ruwansa tsararo ne, madara na danne shi ya koma salaf. Matcha yana jure ta saboda garin ganyen ne gaba ɗaya ake sha. Hojicha ma yana tafiya da ita saboda ƙamshin gashin da ke jikinsa.

Suga: a nan gizo ke saƙa

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, kuma ya fi kyau a rage shi zuwa ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum, wannan na nufin kimanin giram 50 a matakin farko, da giram 25 a na biyu, wato wajen ƙaramin cokali 12 da kuma 6.

Bari mu yi lissafi. Ƙaramin cokali ɗaya giram 4 ne. Wanda ke zuba uku a kofi, yana shan kofi uku a rana, ya sha giram 36 daga shayi kaɗai, kafin a zo kan burodi da lemon kwalba da kunu. A wata guda ya haura kilo ɗaya. Ga mai ciwon suga ko wanda ciwon ke cikin danginsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma korantar shayin ba ta rage komai daga ciki.

Wasu kan koma ga zuma da tunanin sun tsira. Zuma tana da nata alfanun, amma hukumar ta lissafa ta a cikin sugan da ya kamata a taƙaita, kuma babban cokalinta ya fi na suga kalori, kimanin 64 a kan 48. Mazarƙwaila da ruwan dabino ma haka jiki ke karɓar su. Sannan ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan. Su kuma ƙwayoyin zaƙi marasa suga, a 2023 hukumar ta ce kada a dogara da su don rage ƙiba, ko da yake wannan shawara ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba.

A yi hattara da garin matcha da ake sayarwa a haɗe, wanda ruwa kawai ake zubawa. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi a jikin kwali daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan suga ne a farko, to suga aka saya mai launin kore. Matcha na gaske abu ɗaya ne tak a jerinsa, launinsa kore ne mai haske, kuma ba ya araha, domin sai an rufe itacen daga rana na makonni uku zuwa huɗu kafin tsinka, sannan dutsen niƙa ɗaya ba ya wuce giram 30 zuwa 40 a awa guda. A kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Lemon tsami, citta da na'a-na'a

A cikin duk abubuwan da ake ƙarawa, lemon tsami ne ya fi samun goyon bayan bincike. Katekin ba ya jure yanayin hanji, yawancinsa yana lalacewa kafin jiki ya tsotse shi. A 2007 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka sun kwaikwayi narkewar abinci a ɗakin gwaji, suka ga ƙasa da kashi 20 cikin 100 ne ke saura, amma da aka ƙara ruwan lemon tsami abin da ya tsira ya kai kusan kashi 80. A ɗakin gwaji aka yi wannan, ba a jikin mutum ba, amma matsa ɗan lemon tsami ba ya ƙara kalori kuma yana rage bauri. Kada dai a haɗa shi da madara a kofi ɗaya, domin za ta tsinke.

Na'a-na'a da 'yar citta ɗanya suna tafiya da sencha mai sauƙin kuɗi. Kanumfari da kirfa da masoro suna da ƙarfi, suna danne ƙamshin ganyen gaba ɗaya, don haka sun fi dacewa da baƙin shayi ko hojicha. Mai gyambon ciki ya kula da citta da lemon tsami, kuma ya guji shan koren shayi mai kauri kafin ya ci wani abu, domin yana iya tayar da zuciya.

Waɗanda ya kamata su kula

Masu ƙarancin jini su ne a sahun gaba. Shayi, kore ko baƙi, yana hana jiki tsotsar sinadarin ayon da ke cikin wake da ganyayyaki da hatsi, wanda da shi ake gina jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 na yara 'yan wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar, suna fama da ƙarancin jini. Zuba madara ba ya magance wannan, tunda sinadarin kalsiyam da ke cikinta shi ma yana rage tsotsar ayon. Mafita ita ce a bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma kada a kora maganin ƙarin jini da shi.

Sai masu juna biyu da masu shayarwa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 200 na kafeyin a rana gare su, da 400 ga sauran manya. Mililita 100 na sencha yana da kimanin miligiram 20, amma giram 2 na matcha, wato ƙaramin cokali ɗaya, yana da wajen 60. Kwano uku sun kusa cike gurbin mai ciki, kafin a lissafa goro da kofi da lemon kwalba mai kafeyin. Madara da suga suna ɓoye ƙarfin shayin a baki, amma kafeyin ɗin yana nan.

Ƙananan yara ba sa buƙatar sa. Ko a Japan, abin da aka fi ba su shi ne ruwan gasasshen sha'ir, wanda ba shi da kafeyin.

Masu shan magani su sanar da likitansu. Wani gwaji da aka yi a Japan a 2014 ya nuna koren shayi ya rage yawan maganin hawan jini mai suna nadolol a cikin jini da kashi uku cikin huɗu ko fiye. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, shi ma ya kula da matcha, domin garin ganyen yana ɗauke da bitamin K mai rage aikin maganin.

Haka kuma a bambanta shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake yi da tataccen sinadarinsa. A 2018 hukumar ta Turai ta ce shan shayin yadda aka saba ba shi da matsala ga yawancin mutane, amma miligiram 800 ko fiye a rana na babban nau'in katekin ta hanyar ƙwayoyi yana iya taɓa hanta.

Yadda za a haɗa a gida

A tafasa ruwa, a sauke, a bar shi ya huce na kimanin minti biyar, ko a juya shi daga kofi zuwa kofi sau biyu. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na sencha ga kowane kofi, a jira minti ɗaya, a tace tas. Ganyen zai ɗauki zubi na biyu da na uku. Lokacin zafi ana iya jiƙa shi a ruwan sanyi a firji na awoyi uku zuwa shida, sai ya fito ba ɗaci.

Idan matcha ne, a tankaɗe ƙaramin cokali ɗaya a kwano don kada ya yi gudaji, a zuba ruwan ɗumi kamar babban cokali huɗu, a burga har ya yi kumfa. Japanawa da maburgin gora suke yi, amma ƙaramin maburgi ko kwalba mai murfi da za a girgiza sun wadatar. Mai son madara ya ƙara wadda ba ta da suga, ya ɗanɗana tukuna, domin madara tana da nata zaƙin. Wanda ya saba da cokali uku ya rage rabin cokali duk mako, harshe zai saba a hankali. Wata dabarar ita ce a ari ta Japanawa: a ci dabino ɗaya, sannan a kurɓi shayin haka nan.

A bar shi ya ɗan huce kafin a sha, domin a 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 saboda haɗarin sankarar maƙoshi. Garin kuma a rufe shi ruf a ajiye nesa da rana da danshi, a shanye cikin wata ɗaya ko biyu bayan buɗewa. Da ya fara komawa ruwan ƙasa, ƙamshinsa ya tafi.